Turken da Mala Ya Girgiza

Masunci a kogin Haɗeja hannu uku gare shi: biyu na riƙe koma, na ukun bakinsa ne. Yana rub-da-ciki a kan gora, da haƙora yake cije igiyar da ya zarge kifinsa. Na ukun nan Mala ya rasa, ranar da giwan ruwa ya fizgi igiya ya tafi da haƙoransa na gaba.

Shekara huɗu bai shiga ruwa ba. A tsakanin nan matarsa Yakaka ta rasu, ya zama daga shi sai ƙwaryar kunu. Haƙoran roba ma sun ƙi zama, don ƙashin muƙamuƙin ya zaizaye kamar gaɓar kogi.

Lokacin da kuɗin fetur ya fara jiƙa ƙasa, ɗan ƙanensa Bunu ya kai shi Kano wurin wani likitan haƙori da ya yo karatu a waje. Likitan ya dasa masa ɗan turken ƙarfe mai kaushi a muƙamuƙi.

"Baba, ƙashinka zai tsiro ya kama shi," in ji likitan. "Wata shida sai mu ɗora haƙori. Kada ka tauna komai da shi."

Mala ya lissafa, ya ga zai riski su ɗin Auyo, ranar da masunta ke faɗa wa ruwa gaba ɗaya. Ya kiyaye, ko goro bai kalla ba. Amma fa turke, wa zai koya wa Mala? Shekara arba'in yana kafa turakun shingen kifi, ya san in ba a girgiza turke ba, laka ba ta rungumarsa. A ganinsa yaron likitan nan mantawa ya yi bai faɗa ba. Kullum da safe sai ya yi bismilla, ya sa yatsu biyu ya girgiza abinsa a hankali. Da Yakaka na nan, da tuni ta buge hannun. Gidan ba kowa.

A wata na biyar turken ya biyo yatsunsa, ko jini bai fito ba.

Da suka koma Kano, likitan ya daɗe yana leƙa bakin. "Baba, ƙashi ba laka ba ne, motsi ne ba ya so. Abin da ya rage ba zai riƙe wani ba."

Mala ya koma gida. Baƙin cikinsa bai wuce cewa da hannunsa ya yi ba, kuma gyara ya nufa.

Ranar su ya ɗaura ɗan turken a bakin komarsa, ya bi ayari har gaɓa, ya miƙa wa maƙwabcinsa Tukur.

"Wannan ƙarfen fa, Mala?"

"Bar shi nan, ko shi ya ga ruwa."

Aka buga ganga, maza suka faɗa kogi. Mala ya zauna cikin takalman da suka tuɓe, yana gadinsu.