Amfanin Haladu

'Yan damben unguwarmu a Gagarawa su shida ne. Biyar daga cikinsu, duk wanda suka sauke wa hannu sai ya sha ƙasa. Na shidan ɗana ne, Haladu, wanda bai taɓa kayar da kowa ba.

Ranar kasuwar Maigatari na bi su, na ja ubangidansu Ɗanjuma gefe. Na ce, "Don Allah, yaron nan ba shi da hannu. Me ya sa kullum shi kake fara turawa?"

Ya yi dariya. "Baban Haladu, tsoron yarana ake ji, ba mai yarda ya kara da su. Amma in aka kayar da naka, sai zuciya ta ɗebi mutane su tsaya wa sauran. Amfaninsa ke nan."

Kafin in ba shi amsa an saki kalangu. Haladu ya shiga fili yana ɗaga hannu, yana nemana da ido. A turmin farko aka shimfiɗe shi, jini na zuba ta hanci.

Ɗanjuma ya tafa. "Madalla! Ku ja shi waje, fili muke so."