Ranar da Na Zama Abokin Hamayyar Ƙanena

Ni dai ban taɓa zaɓen jam'iyyar ƙanena ba, kuma kowa a garin Haverly ya san haka. Shi ya sa da Merle ya fito takarar kujerar majalisar wakilai ta tarayya, mutane ba su ɓata lokaci wajen tambayar ko zai ci ba. Abin da ake tambaya a bakin coci da shagon shan kofi shi ne, "To Verna fa, wa za ta zaɓa?"

Ni ma tambayar ta dame ni. Merle ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, na goya shi, na share masa majina. Likitan dabbobi ne, ya yi rabin rayuwarsa hannunsa a cikin cikin saniya yana jawo ɗan maraƙi. Na san ba ya cin albasa, na san idan zai yi ƙarya sai ya sosa kunne. Amma me yake tunani a kan ƙasar nan? Wannan kam ban sani ba. A gidanmu ba a maganar siyasa a kan abinci, kuma ba ma haɗuwa sai a kan abinci.

Wanda yake son ya kayar ɗin, Royce Kettner, ya daɗe a kujerar har ta ɗauki siffar jikinsa, kuma duk zaɓe ni nake ba shi ƙuri'ata. Ba son sa nake ba, ko kaɗan. Amma idan ya buɗe baki na san inda ya dosa.

Ana saura mako biyu a yi muhawararsu a talabijin, sai ga Merle a kasuwar gwanjon shanu inda nake aiki, tare da wata mata da jam'iyyarsu ta turo masa daga Washington. Sunanta Corinne, doguwa, ta shigo tana ɗaga ƙafa tana duban ƙasa saboda takalminta.

"Yaya Verna, alfarma muka zo nema," in ji Merle.

Corinne ta karɓe maganar. Ta ce kafin muhawara akan yi gwaji, a samo wani ya tsaya a matsayin abokin hamayya, ya yi ta jifan ɗan takara da maganganu har ya saba. Sun gwada mutum biyu, duk tausayin Merle suke ji.

"An ce mana ke ba kya tausayinsa, Madam."

"Wanda ya faɗa miki bai yi ƙarya ba."

"Kuma an ce kin san maganganun Kettner."

"'Yar nan, ba saninsu na yi ba, yarda na yi da su."

Na dubi Merle, sai ya yi murmushi irin nasa na yaron da ya fasa kofi. Nan take na ga dama ta samu. Na ce zan yi, amma da sharaɗi. Cikin tambayoyin da zan yi masa, idan ya ba ni amsa guda ɗaya tak a miƙe, e ko a'a da dalilinsa, to ƙuri'ata tasa ce, ko na yarda da amsar ko ban yarda ba. Idan kuwa ya yi ta kewaye-kewaye, Kettner zan sake zaɓa, kuma duk wanda ya tambaye ni a coci zan gaya masa. Ya miƙo hannu muka ƙulla. A sana'armu idan aka tafa hannu an gama.

Ranar Talata da rana, da babu gwanjo, muka yi gwajin a cikin zoben da ake zagayawa da shanu. Aka jera durom biyu a matsayin teburan magana. Corinne ta zauna a bencin masu saye da agogo a hannu. Ni kuwa na aro hular mijina mai faɗi, na tura ciki gaba, na yi gyaran murya irin na Kettner. Merle ya yi dariya har da hawaye, amma dariyar ba ta daɗe ba.

"Likita," na ce da murya mai kauri, "ni na goyi bayan a ɗora haraji mai nauyi a kan kayan da ake shigowa da su daga waje, don masana'antunmu su tashi. Kai fa?"

Merle ya gyara tsayuwa. Ya ce tambaya ce mai muhimmanci. Ya ce ya zaga gundumomi ya ga manoman waken suya da masara, ya ji kukansu, kuma abin da iyalai masu aiki tuƙuru suke buƙata shi ne wanda zai saurare su.

"E ko a'a?"

"Maganar ta fi ƙarfin e ko a'a."

Corinne ta ɗaga babban yatsa. Ni kuwa mamaki ya kama ni. Wannan mutumin da ke duban saniya sau ɗaya ya ce wa mai ita, "Ba za ta kai gobe ba," shi ne yau ya yi magana mai tsawo haka bai ce komai ba? Sai na ji ina son in ga yadda aka yi aikin.

Na shiga batun baƙin haure da ke aiki a mayankar garin da ke gaba da mu. Na ce a kwashe su a mayar da su ƙasashensu. Ya ce dole a tsare kan iyaka, kuma dole a tuna cewa su ma mutane ne, kuma iyalai masu aiki tuƙuru sun gaji da rigimar Washington. Na shiga batun inshorar lafiya da ƙananan asibitocin karkara da ke rufewa. Ya fara da labarin wata tsohuwa da ta yi doguwar tafiya don a duba mata ƙirji, ya bi ta can, ya ɓullo ta nan, sai ga mu a ƙofar iyalai masu aiki tuƙuru.

"Wai su waye iyalan nan ne?" na tambaya da muryata ta gaskiya. "A kawo su in gaishe su, sun sha wahala yau."

Corinne ta yi dariya, ta taso ta yi mini bayani, kuma gaskiya ta iya aikinta. Ta ce a mazaɓar nan mutanen jam'iyyarmu sun fi nasu yawa. Duk amsar da ta fito a miƙe, wani zai ji haushi. Don haka ba a amsa tambayar da aka yi, ana amsa wadda aka so a yi. Na tambaye ta ko ita ta san ainihin ra'ayin Merle. Ta ce ba aikinta ba ne ta sani.

Muka sha kofi. Merle yana ta sosa kunne ba ya kallona. Raina ya ɗan ɓaci, don na fara tunanin ko dai babu komai a can ciki, ko tun farko babu. Na ce a koma, saura tambaya ɗaya.

Na mayar da hula. Wannan tambayar ba sai na ari muryar kowa ba, don tawa ce. Na sayar da bindigogin farauta a gwanjon gado ba iyaka, kuma ina da nawa a gida.

"Likita, akwai dokar da mutanenku ke son kawowa. Wai dangin mutum su je wurin alƙali su ce suna tsoron zai cutar da kansa ko wani, sai a zo a kwashe masa bindigoginsa na wani lokaci. Mutum bai yi laifin komai ba, a shigo masa gida. Yau matarka ta ji haushinka, gobe 'yan sanda na ƙofarka. Ni na ce ba za a yi ba. Kai za ka sa hannu?"

Corinne ta yi masa alama da ido. Na san akwai amsar da suka haddace, ta farauta da kakanni da mutunta tsarin mulki. Ya buɗe baki ya fara ta, ya kai tsakiya, sai ya tsaya. Ya sauke hannunsa daga kunne.

"E. Zan sa hannu."

"Merle," in ji Corinne.

"Dalili?" na ce.

Ya dube ni, ba Kettner yake kallo ba. "Saboda Baba."

Babanmu ya rasu ne a shekarun da bankuna ke karɓe gonaki. An karɓe tamu, kuma bai yi wata biyu ba ya shiga rumbun masara da bindigar farautarsa, bai fito ba. Lokacin ina gidan mijina a wani gari, Merle kuwa bai gama sakandare ba. Tun daga jana'izar, ni da shi ba mu taɓa ɗaga maganar ba.

"Na ga abin yana zuwa, Yaya," ya ce. "Ya daina cin abinci. Ya ba maƙwabci karensa. Na ɓoye harsasan, ya sayo wasu. Sai na hau keke na je ofishin 'yan sandan gunduma. Mutumin da na samu mutumin kirki ne, ya ba ni ruwa, ya zaunar da ni. Ya ce, 'Ɗana, babanka bai yi laifi ba, bindigarsa tasa ce, ba ni da ikon taɓa ta.' Gaskiya ya faɗa, ba shi da iko. Na hau kekena na dawo."

Na cire hular, don na ji kunyar tsayawa da ita. Shekara da shekaru ina zaune kusa da mutumin nan a kan abinci, ina zolayarsa a kan albasa, ban san ya taɓa yin wannan tafiyar ba.

"Me ya sa ba ka zo wurina ba?"

"Cikinki ya tsufa. Mama ta ce kada a tayar miki da hankali."

"Sai kai a tayar maka?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Ban ce dokar za ta hana shi ba. Wataƙila da ya samu wata hanyar. Amma wataƙila da ya kai lokacin shuka, ya ga jikarsa, abin ya wuce masa. Ina so yaron da zai hau keke nan gaba ya samu ƙofar da za a buɗe masa."

Wani maraƙi da aka bari a garke na baya ya yi kuka. Tausayinsa ya kama ni, kuma haushi ma na ji, ban san na wa ba.

Corinne ta share ido, amma aiki aiki ne. Ta ce a hankali, idan ya ba da labarin nan a talabijin kamar yadda ya ba da shi yanzu, zai iya juya zaɓen.

"A'a," muka ce, ni da shi, baki ɗaya.

"Babanmu ba na kamfe ba ne," in ji Merle. "Zan ce e, in faɗi dalilin da ya shafi kowa. Labarin namu ne."

"To in babu labarin, e ɗin nan kaɗai zai kayar da kai," ta ce. "Ka san mazaɓar nan."

"Na fi ki saninta."

Ya juyo wurina. "Yaya, batun cinikin nan, na yafe miki. Ba don ƙuri'a na faɗa ba. Ki zaɓi wanda kika yarda da shi."

"Kai ne za ka koya mini ciniki? An tafa hannu."

"Na ce na yafe."

"Ni ban yafe ba. Kuma ka ji da kyau, dokar nan taka har gobe ban yarda da ita ba. Za a yi amfani da ita a zalunci mutane, kuma idan ka je can ka sa hannu, ni ce ta farko da za ta kira ka ta zage ka."

"Na sani."

"Kuma faɗuwa za ka yi."

"Da alama."

Na tura durom ɗin gefe, na ɗauki jakata. Sai da na kai ƙofar zoben sannan na juyo.

"Merle, ranar zaɓe ka zo da motarka ka ɗauke ni, da sassafe. Kada ka bar ni in tuƙa kaina, hanyar tana da tsawo, kuma ka san halina, ina iya sake shawara kafin in isa."