An Sa Baba Tela Cikin Matattu

Matan zumuntar cocinmu suka shigo tsakar gida suna share ido da bakin mayafi. Ina durƙushe a ƙofar ɗakin maƙwabcina, Baba Tela, ina wanke masa tasar da yake tofa majina.

"Sannunku da haƙuri," in ji babbarsu. "Yaushe za a kai shi?"

'Yarsa, wadda duk gidan hayar muke ce wa Yaya, ta fito da cokali a hannu. "A kai wa?"

Daga ciki Baba ya yi tari, irin dogon nan mai ƙarewa da fito. Matar ta ja da baya har ta taka ƙafar wadda ke bayanta.

A cocinmu, kowace safiya bayan karatun Littafi Mai Tsarki, katikis, malamin da ke taimaka wa Fada, yakan ambaci tsarkakan da ake tunawa a ranar, sai bishof-bishof da fadoci, limaman coci ke nan, da dattawan da suka yi barci, wato suka rasu, daga nan a dawo kan masu rai a roƙa wa marasa lafiya sauƙi. Ran nan katikis ya sa sunan Baba a cikin waɗanda suka yi barci, jama'a kuma suka ce amin. Babu ko mutum ɗaya da ya ɗaga kai ya tambaya. Haka matan suka ba mu labari.

"Ku shigo mana," in ji Baba daga kan katifa. "Gawar ba ta cizo."

Suka shiga suna raɓe-raɓe, suka zauna a bakin tabarma.

"Bayan wa aka sa ni?" in ji Baba.

"Bayan tsohon bishof, Baba."

"To madalla. Da raina ban taɓa matsawa kusa da shi ba sai in zan gwada masa riga."

Suka yi 'yar dariyar kunya. Shi bai yi ba. Ya juyo da kai wajena.

"Malam, Fada yana wurin?"

"Yana wurin," in ji babbar, kanta a ƙasa.

"Shi ke nan, ba zai zo ba. Wa zai kawo wa gawa jibin Ubangiji?"

Tun da ciwon ya kwantar da shi abin da yake roƙo ke nan: Fada ya zo ya ji furcin zunubansa, ya ba shi jibi, wato gurasa mai tsarki, ya shafe shi da mai. Yaya ta aika, ni ma na je da ƙafata, kullum amsar ɗaya ce, ana tafe.

Na ajiye tasar na fita, ko hannu ban wanke ba.

Na sami katikis a kan benci yana goge gilasan hotunan shugabannin da suka rasu, waɗanda aka jera a bangon baya. Yana hura musu iska, yana bi da tsumma.

"A'a, Mai Gyara. Yau kuma me muka ɓata?" Sunan da ya laƙaba mini ke nan saboda yawan ƙorafina.

"Wa ya ce maka Baba Tela ya mutu?"

Tsumman ya tsaya. "Bai mutu ba?"

"Yanzu na baro shi yana tari."

"Ikon Allah. Ai wata da watanni kujerarsa ba kowa. Shekaranjiya kuma na ga an ɗauko keken ɗinkinsa a baro. Na ce ai shi ke nan."

"Gidan yana bayan cocin nan. Da ka leƙa."

"Ɗana, addu'a ba ta ɓaci. Ko yau ko gobe, dukanmu can muka nufa."

Na faɗa masa abin da ke bakina. Na ce mun iya sunan wanda ya mutu kafin a haifi kakanninmu, mun san ranarsa da irin azabar da ya sha, amma tsohon da ya ɗinka kowace rigar da ke rataye a ɗakin shirin fadoci yana ruɓewa a bayan katanga ba mu sani ba. Na ce matattu ne kawai muke so, don su ba sa bukatar a wanke musu tasa.

"Ka gama?" in ji katikis. "Fada ya tafi addu'ar tunawa da bishof na farko, sai gobe da safe zai dawo. Zan gyara."

Na kira wayar Fada, a kashe.

Da yamma na tarar da Baba yana tasa addu'ar ta kiran sunayen tsarkaka, kamar yadda yake yi kullum. Bitrus, Bulus, Istifanus. Numfashi yana yanke masa tsakanin suna da suna.

"Baba, ka huta. Waɗannan sunayen ne suka cika mana baki har muka manta da kai."

"Su ba su yi maka laifi ba. Kama mini, na maƙale."

Na kama masa. Na san su duka, da su aka raine ni. Ina faɗa yana motsa leɓe, har muka iso kan fadan da ya yi masa baftisma. Nan ya tsaya.

"Gobe ka ce?"

"Gobe da safe."

"To, zan gwada."

Washegari na riga kowa zuwa coci, na zauna daf da ƙofar ɗakin shiri don kada Fada ya kuɓuce mini. Katikis ya bi tsarkaka, ya bi shugabanni, da ya iso kan marasa lafiya ya ɗaga murya ya fara da sunan Baba, yana satar kallona. Allah ya ba shi lafiya, ya tashi kafaɗunsa. Jama'a suka ce amin, da irin muryar da suka ce jiya.

Fada bai yi gardama ba. Ya sa jibi a ɗan gwangwanin azurfa, ya rataya a wuya, muka bi ta lungun bayan katanga yana tattare rigarsa saboda ruwan kwata.

Yaya tana zaune a dokin ƙofa, hannayenta a cinya. Ta dubi Fada, ta dubi gwangwanin.

"Ya cika tun ana karatun farko," in ji ta. "Muna jiyo ku ta lasifika."

Fada ya tsaya, hannunsa dafe da gwangwanin a ƙirji. Can ya sunkuya ya kwance igiyar takalminsa, ya ajiye su gefe, ya shiga ɗakin da safa.