Kwana Ukun da Tela Ya Yi Shiru

Tela mutum ne da bai yarda da ɗinki ɗaya ba, ko aljihun yaro ne sai ya bi shi sau biyu. Da likita ya ce zuciyar matarsa ta kumbura bayan haihuwar auta, kuma wani cikin zai iya tafiya da ita, sai ya kai halin nan inda bai kamata ba. Ƙwayoyin tazarar haihuwa ba su karɓe ta ba, aka ce su riƙe kwaroron roba. Shi kuwa don tsabar tsoron rasa ta, biyu yake sawa, ɗaya a kan ɗaya.

Ranar da suka yage ya gani da idonsa. Ya naɗe a takarda ya jefa a shara, ya ja bakinsa ya tsuke. Mace tana fama da numfashi, ina shi ina ƙara mata fargaba? Ya lallashi kansa cewa sau ɗaya ai ba ya zama ciki. Washegari ya buɗe shago ya taka keken ɗinki har yamma.

Bayan sati shida suna zaune a ɗakin awo, fanka na juya takardun kan tebur, nas ta ɗago daga sakamakon gwaji.

"Akwai ciki. Ba ku yi amfani da abin da aka ba ku ba?"

"Wallahi Sista, har biyu nake sawa," in ji Tela.

Nas ta ajiye biro. "Biyu? Malam, ai gogar juna suke yi su yage. Ɗaya in an sa shi daidai ya fi tsaro. Ka ga lokacin da suka yage?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da kun zo cikin kwana uku, akwai ƙwayar gaggawa da za mu ba ta. Yanzu sai dai likitan zuciya ya gan ta, yau ɗin nan."

Kwana uku! Kwanakin da ya yi yana yanka yadi yana gaisawa da mutane, ga asibitin bai fi tafiyar minti goma da shagonsa ba. 

Matar ba ta yi kuka ba. Sai da suka fito baranda ta dafa bango ta huta, sannan ta ce, "Baban yara, ka sani ashe?"

"Na sani. Tsoro na ji kar hankalinki ya tashi."

"Jikina ne fa. Da ka bar ni na ji tsoron da kaina."

Da suka koma gida ya zaci za ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, da ma hakan ta yi da ya fi masa sauƙi. Sai ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ta fito da katunan rigakafin yara uku ta jera a kan katifa.

"Zo ka zauna," ta ce. "Wannan na auta ne, saura allura biyu. Ka riƙe ranakun da kyau."