Kumatun Malam Dabo

Ranar da Madam Ursula ta sauka a tashar Daura, ko shekara ba a yi da ƙaddamar da Shari'a ba, kuma kowace unguwa ta kafa kwamitinta na gyaran tarbiyya. Hafizu ne ya je tarbarta. Malamarsa ce a jami'a, inda yake aji uku yana karanta Faransanci da Italiyanci. Tsohuwar baturiya ce mai furfura fat, ba ta daɗe a ƙasar ba, ta dage sai ta ga rijiyar Kusugu kafin hutu ya ƙare.

Tana hango shi ta yar da jaka ta ware hannuwa. Kafin ya kauce ta damƙi kafaɗunsa, ta manna masa sumba a kumatun dama, ta ƙara a na hagu, irin gaisuwar garinsu.

Mai rake ya tsaya da wuƙa a sama.

"Innalillahi!" in ji Badaru, ɗan kwamitin unguwarsu, wanda suka yi sakandare tare da Hafizu amma jami'a ba ta ɗauke shi ba. Ya buga babur ya yi gaba.

Kafin Hafizu ya kai baƙuwa masauki ya iso gida, labari ya riga shi, har ya yi 'ya'ya. Mahaifinsa, Alhaji Sada mai hatsi, yana tsaye a ƙofar gida yana huci.

"Da ma na faɗa! Likita ya fi ƙarfinka, lauya ya fi ƙarfinka, sai yaren mutanen da ko buhun gero ba su taɓa saya a wurina ba. Kwamiti na kiranka bayan la'asar. Wallahi in suka same ka da laifi, kai da jami'a har abada. Ranar Lahadi kana kasuwar Mai'adua kana riƙe mini bakin buhu."

"Baba, gaisuwa ce fa."

"Gaisuwa? Ita ba ta da baki ne ta ce sannu?"

"Ai da bakin ta yi," in ji ƙanwarsa Ikilima daga zaure. Alhaji ya cire takalmi, ta arce.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan Malam Dabo, shugaban kwamiti, mutumin da ya taɓa sa a rufe shagon aski saboda hoton da ke jikin kalanda. Aka shimfiɗa masa buzu, aka ba Madam kujera. Ta ɗaura ɗankwali tana ta murmushi, a zatonta taron maraba aka shirya mata.

Shaidu suka yi ta fitowa, har da waɗanda lokacin suna Sandamu.

"Dama ta fara!"

"Ƙarya ne, hagu!"

"Ni ƙarar ma na jiyo daga wurin mai shayi, cau!"

Malam Dabo ya ɗaga hannu. "Kai yaro, me ma kake karantawa a can?"

"Harsunan da suka samo asali daga yaren Rumawa na can da, Allah gafarta Malam."

"Rumawa!" Malam ya dubi jama'a yana jinjina kai. "Kun ji ko? Shuka ke nan, yau ga tsiro."

"Malam, ban san za ta yi ba. Auka mini ta yi."

"Babu wannan. Namiji mai tsoron Allah, ko walƙiya ce sai ya kauce. Wanda duk ya tsaya aka taɓa masa kumatu, ya so ne. Wannan ita ce magana, kowa ya shaida."

"Mun shaida!" Badaru ya fi kowa ɗaga murya.

"Saboda haka, Alhaji Sada, kwamiti na ganin yaronka..."

Hafizu ya ji ƙamshin ƙurar gero a hancinsa. Shekara uku yana haddace kalmomi a kan tabarma, ga shi za su ƙare a bakin buhu. Daidai nan Madam ta taɓa hannun rigarsa tana tambayar me dattijon yake cewa.

"Allah gafarta Malam, baƙuwa na son a fassara mata."

"Fassara mata. Ta ji ta kai wa 'yan garinsu."

Hafizu ya duba taron. Akwai masu zuwa Damagaram da ke tsintar Faransanci, Badaru kuma yana tsintar Turanci. Sai ya juya harshe zuwa Italiyanci, ya tausasa murya. Ya ce mata wannan dattijo shi ne uban unguwa, wai cewa ya yi zuwanta ya faranta masa rai, daga yau ya ɗauke ta ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya.

Idanun Madam suka ciko da hawaye. Ta miƙe zumbur. Malam Dabo yana gyara zaman rawani bai ankara ba, sai ji ya yi an riƙe shi. Cau a dama. Cau a hagu. Don zumunci ta ƙara na uku.

Carbi ya faɗi. Wani yaro a kan katanga ya fashe da dariya, uwarsa ta janye shi ta ƙafa.

"Malam," in ji Hafizu cikin ladabi, kansa a sunkuye, "ba ka kauce ba."

Malam Dabo ya goge kumatu da gefen rawani, ya yi gyaran murya, ya sake yi. Ya dubi Badaru, Badaru ya dubi tayar babur ɗinsa.

"To... ai ita mas'ala, sai an dube ta ta kowace fuska. Wannan baiwar Allah, ku dube ta da kyau, ai ta yi jika da ni."

"Malam, kai fa ka girme ta," wani ya ce daga baya.

"Wa ya yi magana? A fitar da shi! Abin da nake cewa, tsohuwa ce tukuf, kuma wanda aka auka wa ba da saninsa ba, babu komai a kansa. Yaron nan ba shi da laifi. A tashi, magariba ta gabato."

Rana ko ja ba ta fara yi ba, amma aka tashi.

A hanyar gida, suna wuce masallaci Alhaji Sada ya ce, "Kai, me ka gaya mata?"

"Abin da na koyo a jami'a, Baba."

"Hmm. Ashe abin yana da amfani."

Sai ga Madam ta biyo su da sauri, ta gane Alhaji mahaifin ɗalibinta ne, hannuwa a ware. Alhaji ya yi tsalle ɗaya ya koma bayan Hafizu, ya riƙe masa riga gam.

"Tare ta! Ka koma makarantarka, na yarda, har digiri na biyu! Maza gaya mini, yaya ake cewa 'tsaya daga nan' da yarensu?"