Jan Ƙyallen Rana ta Talatin da Tara

Kwana arba'in da ɗaya ake ɗauka ana wasan kwaikwayon a haikali, wurin bautar garin, sai a ranar ƙarshe ake kuɓutar da sarkin da maƙiya suka kama. Gidan su Damodaran ke riƙe da wasan tun kaka da kakanni, amma da sharaɗi: shekarar da suka bar sarki a ɗaure, dattawan haikali za su miƙa wasan ga wani gida.

Bana ciwon gwiwa ya zaunar da Damodaran, don haka ɗansa Sajiwan ke fitowa a matsayin amintaccen baran sarki, wanda ya ɓad da kama ya shiga birnin maƙiya. Ana saura kwana uku, sai ga Sajiwan ya shigo ɗakin shiri da jaka a kafaɗa.

"Baba, masu fim ɗin nan na birnin Chennai sun kira. Ko in isa gobe da safe, ko su ba wani."

"Gobe?" Damodaran ya zabura. "Sarkin fa, wa ka bar wa?"

"Shekara ɗari huɗu ana cetonsa, Baba, baɗi ma sake kama shi za a yi. Ni sau ɗaya za a kira ni."

Achuthan makaɗi, abokin Damodaran tun suna yara, ya bar shafa gangarsa. "Tafi abinka, tauraro. In ka yi suna ka aiko da hotonka, mu jingine shi a dandali ya ƙarasa mana."

Damodaran ya fizgo jan ƙyallen da ɗan wasa ke ɗaurawa a goshi. Duk wanda ya ɗaura shi ya daina zama ɗan kowa har a tashi. Ba a kiran sunansa, ko rasuwa aka yi sai labarin ya jira.

Sajiwan ya ajiye jakar, ya durƙusa gabansa. "In ka ɗaura mini ba zan kwance ba, ka sani. Amma da hannunka za ka ɗaura."

Abin da ya fi ƙona wa Damodaran rai ke nan. Da yaron ya yi masa rashin kunya, da tuni ya ɗaura masa. Ya dubi goshin, ya tuna ranar da uwar Sajiwan ta cika yana sanye da wannan ƙyalle, mutane suna kallonsa suna dariya, babu wanda ya gaya masa. Ya ja tsaki, ya naɗa ƙyallen a nasa goshin, ya ƙulle tam.

"Baba! Gwiwarka fa? Baba!"

Bai ko waiga ba.

"Babu babanka a nan, ɗan nan," in ji Achuthan, babu wasa a muryarsa. "Jirginka ƙarfe biyar ne."

Da aka kunna fitilar tagulla, Damodaran ya fito yana jan ƙafa, haƙora a cije. Dattawa suka dubi juna, amma ba a yi wa mai ƙyalle tambaya. Ya faɗa kan kujerar dandali, ya buɗe baki da yaren gari kamar yadda aka yarje wa baran sarki, ya shiga surfa zagi ga masu gudu su bar ubangidansu ɗaure cikin mari.

Jama'a suka yi ta ƙyaƙyatawa, har wani tsoho yana share hawaye yana cewa baran sarki bai taɓa yin daɗi kamar na yau ba. Achuthan kaɗai ya sunkuyar da kai, yana dukan ganga da ƙarfin da ya wuce kima.