Fitowar da Ta Rage wa Kawu Maikano

Abdulsamad malamin Hausa ne a wata firamare mai zaman kanta a Birnin Kudu, amma duk wanda ya zauna da shi ya san zuciyarsa ba a aji take ba. Fim yake son yi. Ya rubuta labarin wani tsohon manomi da 'ya'yansa suka haɗa baki za su sayar da gonar gado su koma Kano, shi kuma ya kafe ya ce sai bayan ransa. Tun yana rubutun fuskar mutum ɗaya yake gani, wan mahaifiyarsa, Kawu Maikano na Fagam, dogon tsoho mai kakkaurar murya, wanda in ya fara magana a majalisa har masu wucewa sai sun tsaya.

"Ni za ka sa a fim?" in ji Kawu, yana dariya har hularsa ta zame. "To, me zan yi a ciki?"

"Abin da ka saba, Kawu. Ka yi noma, ka yi faɗa."

"Wannan kam na iya."

Kyamarar ta Yahuza ce, abokinsa mai ɗaukar bidiyon biki. Da aka ba da dogon hutu a tsakiyar damina, duk ranar da Yahuza ba shi da aiki sai su hau babur su nufi Fagam, kyamara a cikin leda saboda ruwa. Kawu bai yi boko ba, sai dai a karanta masa abin da zai faɗa. Yakan saurara, ya watsar da rabi, ya kawo nasa, kuma nasan ya fi daɗi. Ran da aka ɗauki inda yake korar dillalin gona, matan da suka leƙo ta katanga har guɗa suka yi.

Saura fitowa ɗaya, ta ƙarshe. Tsohon zai shiga cikin geronsa da ya fi shi tsawo, ya juyo, ya gaya wa babban ɗansa dalilin da ya sa ba zai saki gonar ba. Duk fim ɗin a kan wannan maganar ya rataya. Ana jibi za a ɗauka, wani ɗan siyasa ya ɗauke Yahuza yawon kamfen. Kafin ya dawo an yi girbi, gona ta koma kara da ƙasa.

"Allah ya kai mu baɗi," in ji Kawu. "Gonar tana nan, ni ma ina nan."

Da rani Abdulsamad ya haɗa abin da suka ɗauka ya kai wa wani furodusa a Kano. Mutumin ya kalli kaɗan, rabin hankalinsa a kan waya.

"Tsohon nan ya iya," ya ce. "Amma wa ya san shi? Ka bar mana labarin, mu sa fitaccen jarumi, mu cusa waƙoƙi."

Abdulsamad ya yi godiya ya kama hanyar tasha.

An yi shuka, an fara noman fari, sai Barira 'yar Kawu ta kira shi tana kuka. Ta ce Baba ya faɗi yana alwala. Aka kwantar da shi a asibiti, da aka sallamo shi ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ba ta fita sai gurnani. Abdulsamad bai sake ta da zancen fim ba, ko a gaban Yahuza.

Kawu ne ya tayar. Da gero ya fitar da kai, Abdulsamad ya je gaishe shi, sai tsohon ya kama masa hannu da hagunsa, yana nuna gabas, wajen gona, yana wani sauti.

"Cewa yake ku kawo kyamara," in ji Barira, fuskarta a ɗaure. "Tun jiya yake fama da ni. Ni dai ban so ba."

Suka sa masa rigar da ya sa bara, ta yi masa yawa yanzu. A amalanken shanu aka kai shi. Tsayuwa ta gagara, sai aka ajiye kujera a tsakanin kunyoyi, Yahuza ya koma gefen hagu don ɓarin da ya karkace ya ɓuya. Iska tana kaɗa zangarniya, hasken hantsi ya sauka daidai yadda Abdulsamad ya daɗe yana gani a ransa.

"Bismilla, Kawu."

Tsohon ya ɗaga kai, idonsa ya kawo wuta irin ta da. Ya buɗe baki. Maganar tana nan, kowa ya ga tana nan, amma abin da ya fito ba kalma ba ce. Ya sake gwadawa, miyau ya zubo a kan rigar. Ya daki cinyarsa da hannun da ke motsi, ya sake, ya sake, har hawaye suka gangaro cikin furfurar gemunsa.

Barira ta shiga gaban kyamara. "Yaya Abdulsamad, ya isa. Don girman Allah ya isa."

Aka ɗora shi a amalanken aka mayar da shi gida.

Kawu ya rasu kafin a kai amfani gida. Bayan sadakar bakwai Yahuza ya kawo shawara: akwai wani dogon mutum a Kwandiko, a sa masa rigar, a ɗauke shi ta baya, wani ya yi muryar. Suka je suka gwada. Mutumin ya yi taku kaɗan, Abdulsamad ya ce a kashe kyamara. Tafiyar ba ta Kawu ba ce, kuma duk Fagam za su gane.

Barira ta roƙi Abdulsamad ya tura mata wuraren da babanta yake tafiya yana magana. Ya zauna ya yayyanka fim ɗin, ya cire 'ya'yan, ya cire dillalin, ya cire labarin gaba ɗaya, ya tura mata gutsattsarin.

Aka koma makaranta. Wata rana Yahuza ya tsaya da babur a bakin ƙofa lokacin tashi, ya tambaye shi ko akwai sabon labari, don an kusa shiga rani kuma aiki ya yi sauƙi.

"Ban rubuta komai ba," in ji Abdulsamad. Ya kaɗe allin da ke hannunsa, ya hau bayan babur ɗin, ya ce wa Yahuza ya sauke shi a gida.